Farcen Hannun Hagu

Yankan farce ne sana'ata. A bakin tashar Rumuokoro nake zama, amma nakan leƙa asibitin sojoji, don masu jinya farcensu na tsawo ba mai kula. Kafin in shiga sai na wanke almakashina da sabulu, in sake wankewa, saboda tsoron kada in kai wa mai rauni wata cutar.

Wata rana babbar nas ɗin ɗakin maza, wadda kowa ke kira Sista, ta tare ni a baranda. Da Turancin buroka ta gaya mini akwai wani ɗan'uwana ɗan Arewa a gadon ƙarshe, ya ƙi cin abinci, kuma ciwo ba ya warkewa da ƙarin ruwa kaɗai. Ta ce in je in yi masa yarenmu.

Saurayi ne, kofur. An harbe su shi da abokan aikinsa a jirgin ruwa, aka yanke masa hannun dama daga gwiwa. Ga shinkafa a gefensa ta sandare.

Na ce, "Sannu da jiki, samari. Me ya hana ka ci?"

Ya ɗaga hagunsa. "Da wannan, Baba? Da shi fa nake tsarki."

Karatuna bai kai nan ba. Na hau okada har unguwar Oil Mill wurin wani malami na tambaye shi, ya ce lalura ce, babu laifi. Na fito, na ji kamar ban yi tambayar daidai ba, na koma. Ya sake faɗa mini, har da ɗan tsaki.

Da na kai wa yaron saƙo sai ya yi murmushi. "Na sani, Baba, limamin bariki ma ya faɗa. Ina ɗaukowa. In cokalin ya iso baki sai in ji kamar tsohuwata ta buge mini hannu, in mayar da shi."

Na wanke hannuna na fara ba shi a baki. Wani saje mai karaya a gadon kusa, ɗan Jos, ya ce, "Kofur ya samu mai raino! Baba, in ka gama ka goya shi."

"Oga, kai da ko fitsari sai an tara maka?" in ji yaron, bakinsa cike da shinkafa.

Ranar ya cinye. Amma kunya ba ta barinsa ya karɓa daga hannun mata, ni kuma ba kullum ake bari na wuce ƙofa ba. Duk ranar da aka koro ni, ko tuwona ba ya shiga. Ina ta tunanin kwanon nan.

Daga baya Sista ta ce za a mayar da shi wani asibiti a Arewa. Na tambaye ta wa zai riƙa ba shi a can. Ta buɗe tafin hannunta kawai.

Ranar tafiyar na zauna na yanke masa farcen hagun ƙwal, na goge ƙarƙashin kowanne, na wanke hannun da sabulu da ruwan ɗumi har wuyansa. Na sa masa cokali a ciki, na ce, "Duba, ko nawa bai kai shi tsabta ba. Yi bisimilla."

Ya ɗebo shinkafa, ya ɗaga har kusa da haɓa, ya tsaya. Sannan ya mayar a hankali.

"Bari ta ɗan huce, Baba."

Na taɓa kwanon. Sanyi ƙalau. Na karɓi cokalin na ci gaba da ba shi, don motar da za ta tafi da shi tana jira a waje.