Na Je Paris Yin Jawabi, Na Ɓige da Yankan Albasa

Shekarun baya, ina karatun Jamusanci a Lyon, shugaban ƙungiyarmu ta ɗaliban Nijar ya kira ni a waya. Ya ji ana cece-kuce a Jamus da Ingila kan yadda za a riƙa rubutu ba tare da an shafe mata ba, har wasu na saka tauraro a tsakiyar kalma don ta haɗa kowa. Ya ce in zo taron shekara a Paris in yi bayani, sai a yanke shawara kan wasiƙun ƙungiya, waɗanda kullum suke farawa da "Malamai".

Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Mako uku ina shiri, har madubi sai da ya saurari jawabin nan sau biyu.

A gidan wani Alhaji aka yi taron, a unguwar Belleville. Ina shiga matarsa ta tare ni: "Yawwa ɗiyata, Allah ya kawo ki. Bon, ajiye jakarki, dambu ko wuta bai hau ba." Na ce a raina ai minti goma ne. Wani abokina da muka zo jirgi ɗaya ya karɓi takarduna, wai zai riƙe mini.

Mu mata shida ne a madafa, har da mai digirin dakta tana gyaran zogale. Ina cikin yanka albasa sai na jiyo muryar abokina daga falo yana karanta jawabina. Har barkwancin da na saka a shafi na biyu ya kwashe, aka yi dariya, aka tafa masa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na leƙa da wuƙa a hannu na ce, "Malam, ai ni aka ce zan yi magana."

Shugaba ya ce, "Haƙuri ƙanwata, mun ga kina aiki ne. Voilà, ai saƙonki ya isa."

Suka yi awa biyu suna gardama kan haƙƙin mata, suka ɗaga hannu suka yi ƙuri'a. Babu wanda ya tuna a kira ko ɗaya daga cikinmu. Da na shigo da tire, abokina ya ce, "Albishirinki! Mun yi nasara!" Na dire tiren a gabansa na koma madafa, ina fushi da shi har muka koma Lyon.

Mun daɗe da shiryawa da shi, amma in na tuna har yau sai na ji zafi, kuma rabi haushin kaina nake ji, da na miƙa takardun da hannuna. Tun daga ranar ba na ajiye jaka a ƙofar kowa sai na faɗi abin da ya kawo ni.

Sun cika alƙawari kuwa. Wasiƙar shekara ta gaba ta fara da "'Yan'uwa maza da mata". A ƙasa aka rubuta: "Taro ƙarfe biyu. Mata su zo ƙarfe goma saboda girki."