Ranar da Aka Ɗage Faifai

A Alelu na girma, a ɗakin kakata ta wajen uba, Kaka Ige. Mahaifina fataucin albasa yake yi, yau yana Aliero gobe yana kasuwar Jega, don haka ni da ƙannena a gindinta muka fara sanin duniya. Da an ci tuwo bayan magariba sai ta jawo karan gero ta hura wuta a bakin ƙofa, ta binne dankali a toka, ta miƙe ƙafafu. Ni take fara tsokana.

"Kai, mijin banza, ko kara ɗaya ba ka kawo ba, amma kai ne gaba wurin wuta."

"To ki sake ni mana, Kaka."

"In sake ka wa za ta kwasa? Zamna. Ga wata tatsuniya nan ta taho, ku ba ta wuri."

Mu kuma mu ce, "Mun ba ta, ta shigo."

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne, mukan kwanta ciki na ciwo. Amma akwai guda ɗaya da ba ta cika faɗa ba, kuma ba ma son ta. Yau ina da furfura har gira, ita ce kaɗai nake iya kawowa daga farko har ƙarshe.

Wai wani gari ne mai babban rumbu ɗaya a tsakiyarsa. Da kaka kowane gida yakan zuba daminsa a ciki domin ranar yunwa. Rumbun yana da tsani ɗaya tak, kuma tsanin yana hannun mutum ɗaya, Sarkin Rumbu. Duk shekara bayan girbi sai a ajiye ƙwarya a ƙarƙashin tsamiya, a rufe ta da faifai. A ba kowane magidanci ƙwayar wake ɗaya da ɗan tsamiya ɗaya. Mutum ya dunƙule hannu, ya cusa ƙarƙashin faifan, ya saki wanda ya ga dama. Wake na nufin Sarkin Rumbu ya ƙara shekara, ɗan tsamiya na nufin ya dawo da tsani. Ba mai sanin abin da wani ya saki, ko ɗan da ya haifa. Kuma ko wake ya cika ƙwarya, ba a yarda kowa ya wuce kaka biyu ba.

Sai aka ba wani mutum tsanin, ana ce masa Dogo. A nan Kaka takan ɗaga yatsa.

"Ku ji da kyau. Dogo ba ɓarawo ba ne. Ko zangarniya guda bai ci ba. Anka yi fari zamaninai, ko jinjiri bai mutu ba."

Da kaka biyunsa suka cika sai ya ce jinkar rumbu bai gama ba, a ƙara masa ɗaya ya ƙarasa. Mutane suka ce wannan ai ba komai ba ne, aka ƙara. Da shekara ta zagayo aka taru gindin tsamiya, ana zafi. Dogo ya zo yana dariya, ya ɗage faifan daga kan ƙwarya, ya hau fifita da shi.

Kaka takan kwaikwayi muryarsa, mai taushi kamar ta mai rarrashi. "Haba jama'a, mi ne na ɓoyo? Ni da ku duk ɗaya muke. Kowa shi jefa abinai a fili, ni ba ni riƙon kowa."

Aka yi dariya. Tsohuwa ɗaya ce, wadda ta saƙa faifan, ta ce a mayar da shi. Aka ce mata, "Haba Iya, a kan faifai za mu ɓata wa mutumin kirki rai?" Aka jefa a fili. Wake, wake, wake. Maƙerin garin kaɗai ya saki ɗan tsamiya, kowa ya ji ƙararsa a cikin ƙwarya. Dogo ya yi masa murmushi, har ya tambaye shi iyali.

Da damina ta yi nisa, hatsin gidaje ya ƙare, matar maƙeri ta je rumbu da ƙwaryarta. Aka ce tsani ya karye, ta dawo gobe. Ta tsaya ta ga maƙwabciyarta ta zo, tsani ya warke. Gobe ma haka, jibi ma haka. Kafin sabon gero ya nuna, maƙeri ya binne autansa, ya kwashe sauran ya bar gari. Shekara mai zuwa ba a sami ɗan tsamiya ko ɗaya a ƙwarya ba. Wadda ta biyo baya Dogo ya ce tunda ba mai amfani da shi, a daina wahalar rabawa. Daga baya ya sa aka sare tsamiyar.

A nan sai Kaka ta hau tona toka.

"Sai me, Kaka?"

"Sai mi? Ta ƙare. Ku ɗauki dankalinku."

"Ba wanda ya zo ya ƙwace tsanin?"

"Wa za shi ƙwace? Kowa da hannunai ya jefa wake, kuma kowa ya ga kowa. Ku tashi, abin da ya rage ku kwana da shi."

Na yi fushi da ita ranar. Na ce tatsuniyar da mugu bai sha kashi ba, ba tatsuniya ba ce. Ta ce, "Ashe angona bai san duniya ba."

Na san ta daga baya. Albasa ta kai ni kurmi, daga can goro da fatu suka ƙetare da ni iyaka bayan iyaka. Na koyi Zabarmanci a bakin kogi, Faransanci a tashar jirgin ruwa, Larabci a hanyar gabas. A wata ƙasa ta bakin teku na zauna shekaru masu yawa, kuma shugabansu mutum ne da ya gina hanyoyi da asibitoci na gaske, da idona na gani. Da wa'adinsa ya kusa sai aka ce aikin bai ƙare ba. Aka gyara doka. Aka tara mu 'yan kasuwa a wani fili aka ce mai goyon baya ya ɗaga hannu. Ni baƙo ne, ba ruwana, amma na ɗaga. Telan da ke kusa da rumfata bai ɗaga ba. Bayan wata ɗaya aka ce takardar shagonsa ba ta cika ba. Bayan wata uku matarsa ke zagaya ofisoshi da hotonsa a hannu tana nemansa. Na ji kalmar "aikin bai ƙare ba" a harsuna huɗu, kuma ban taɓa ganin inda aikin ya ƙare ba.

Na dawo gida na zauna a Jega, ina cewa mu dai mun sha wannan ruwan mun ƙoshi. Sai ga shi rediyo ya fara wata irin magana. Yau a ce jam'iyyu sun yi yawa, suna jawo rigima. Gobe a ji an kira ɗan jarida ya je ya yi bayani, bai dawo da wuri ba. Alƙali ya yi hukunci, a ce ana nazari. Shi shugaban bai ce yana son ƙari ba. Wasu ne ke ta roƙonsa, shi kuma yana murmushi.

Ran nan bayan la'asar Ɗanjuma ya yi sallama, ɗan abokina marigayi, wanda yanzu ke kai da kawo wa manya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya zaro takarda. Wai dattawan Jega da Aliero da Maiyama ne ke roƙon a gyara doka domin shugaba ya ƙarasa ayyukansa. Za a karanta sunaye a rediyo.

"Baba Alhaji, sunanka ake so a sama. An ce kai ka ga duniya."

"Wanda bai sa hannu ba fa, ɗana?"

"Ba dole, Baba. Wallahi ba dole. Sai dai an ce in rubuta waɗanda na samu a gida." Ya sunkuyar da kai. "Yaya Nasiru kuwa? Na ji ana batun ƙarin girma a ofishinsu."

Nasiru shi ne babban ɗana, yana aiki a Maiyama, da 'ya'ya shida da surukarsa marar lafiya a ɗaki. Na dubi takardar. Na ga sunan limaminmu, na ga na sarkin fawa, na ga na mutanen da suka zagi wannan magana a kan tabarmata. Kowa ya ga kowa.

Na ce, "Ɗanjuma, a kawo ƙwarya a rufe da faifai, sai in jefa abin da ke hannuna."

Bai gane ba, ko ya yi kamar bai gane ba. Ya ce, "Baba, sa hannu ne fa kawai." Na mayar masa da biro. Ya juya bayan takardar ya rubuta wani abu gajere, ya yi mini sai an jima.

Ba a taɓa ni ba. Har gaisuwa aka aiko. Bayan sati uku aka cire Nasiru daga teburinsa, aka ce ya jira a gida, takardunsa ba su cika ba. Duk Litinin yakan hau babur ya je, a ce ya dawo mako mai zuwa. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Matarsa takan gaishe ni idonta a ƙasa.

Da ina yaro na ɗauka darasin shi ne kada a ba mugu tsani. Yanzu na gane abin da ya sa Kaka ke ɗaga yatsa ta ce Dogo ba ɓarawo ba ne. Ba don mugaye aka saƙa faifan ba, domin masu 'ya'ya aka saƙa shi, waɗanda ke da abin da za a riƙe musu. Ban san ko na yi daidai ba. Ni na saki ɗan tsamiya, amma ƙwaryar wani ce ke dawowa wayam daga rumbu.

Jiya 'ya'yan Nasiru suka kewaye ni suna son tatsuniya. Na faɗa musu wannan. Da na kai ƙarshe, ƙaramarsu Hauwa'u ta ja mini riga.

"Sai me, Kaka? Ba wanda ya ƙwace tsanin?"

Na dubi ubanta, yana zaune a bakin zaure yana goge takalmin da zai sa ranar Litinin. Na ce mata, "Ba a kai nan ba tukuna, amarya. Har yanzu muna gindin tsamiya."