Injin Baba da Bai Taɓa Tashi Ba

Har yau, in na ji ƙanshin busasshen tattasai, tafin ƙafata ne ke fara amsawa. Sai in ji zafin rairayin Diffa ya ratso takalmina, in hango bayan Baba yana tafe gabana da koɗaɗɗiyar hularsa, ba ya waiwaye.

Mahaifina bai taɓa mallakar ko keke ba, ban kuma taɓa ganinsa bisa kabu-kabu ba. Unguwarmu ce ta ba shi dama. Masallaci na bayan gida, kasuwa na nan kusa, ƙararrawar lakwal, wato makarantarmu, daga tsakar gida ake jin ta, garkarsa ta tattasai kuwa tana bakin kogin Komadugu, tafiyar da ba ta kai awa ba. Ni dai na tsani tafiyar nan, don Baba ba ya wuce mutum. Mai faci, mai gasa kifi, tsohuwa mai ƙosai, kowa sai an tsaya an tambaye shi gida da yara, har da awaki. Abokaina su wuce a bayan babur suna ɗago mini hannu, ni ina tsaye kamar turke ina jiran a gama gaisuwa.

In ya dawo gida, kafin ya sha ruwa, sai ya shiga ɗaki ya jefa kuɗin abin hawan da bai hau ba cikin asusun ƙasa. Burinsa ɗaya ne, injin ban ruwa. Da jigo yake shayar da garkarsa, yana ɗago guga daga kogi tun hantsi har kafaɗunsa su kumbura, Inna ta riƙa gasa masa su da ruwan zafi. Maƙwabtansa masu inji kuwa tuni sun gama, suna inuwa suna shan shayi.

Wata rana da bazara na zauna daɓas a tsakiyar hanya, na ce ba ni ƙara taku ɗaya sai an tsayar mini da babur. Ya dube ni ya ce, "Tashi, malalaci. Ƙafa kyauta Allah ya ba ka. Inji kuwa sai an saya." Na tashi ina gunaguni, na bi shi.

Sau biyu asusun yana cika, sau biyu ana fasa shi don wata hidima, kuma ta biyun karatuna ce. Wannan har gobe yana ci mini rai. Da na samu aikin biro, wato ofis, a Damagaram na ce zan saya masa injin, ya ce in riƙe albashina, ƙafarsa ce za ta sayo shi. Ta kuwa sayo. Inna ta ce a baro ya turo shi daga kasuwa har gida, ya ƙi biyan mota, ƴan unguwa na binsa da barka. Lokacin rani ne, kogi ya ƙafe, sai ya ajiye shi a ɗaki yana jiran isowar ruwa.

Tashin hankali ya riga ruwan isowa. Aka ce kowa ya bar bakin kogi, aka hana hawa babur. Ya kira ni a waya yana dariya, ya ce, "Yau duk Diffa sun zama ɗalibaina, kowa na tafiya ƙasa." Bayan wannan ban ƙara jin dariyarsa ba. Kowace safiya sai ya taka har inda sojoji ke tsayar da mutane, ya tsaya ya dubi wajen garkarsa, ya juyo yana gaisawa da jama'a. Ran Juma'a ya yaye tabarmar da ya rufe injin da ita, ya goge shi da tsumma, ya mayar.

Haka ya yi shekaru har ajali ya same shi. Na iso da motata, na ce a sa shi ciki a kai maƙabarta. Mai facin nan, wanda shi ma ya tsufa, ya riƙe mini hannu ya ce, "A'a, ɗana. Mutumin da ya yi shekaru yana tako mana ƙafa, yau mu za mu taka masa." Suka ɗauki makara a kafaɗa, duk ƙofar da aka wuce sai wani ya fito ya karɓa. A ranar ce kaɗai na ga an ɗauki Baba.

Bayan sadakar uku Inna ta miƙo mini wani asusu mai nauyi. Ta ce, "Na mai ne. Ya ce in an buɗe bakin kogi, kada injin ya rasa abin sha. Ko safiyar da ya kwanta sai da ya jefa." Na rungume shi na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Yanzu ina zaune a unguwar da ko burodi sai an tada mota, gilashi a rufe, ban san sunan maƙwabcina ba. A can Diffa an buɗe bakin kogi, mutane sun fara komawa garakensu. Injin na nan a ɗakin Inna, asusun na bisansa, na kasa fasa wannan, na kasa tada wancan. In na je Diffa nakan bar motar a ƙofar gida in taka zuwa bakin kogi, in tsaya ina sauraron kukan injinan mutane. Har yau ban san yadda kukan nasa yake ba. Shi ma ya tafi bai sani ba.