Malam Ɗalha, Ka Bar Maharbi a Bakin Ƙofa

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi komawarmu take. Ranar Talata, 14 ga watan Agusta, 2001, ina shagona a Kantin Kwari ina auna wa wata mata yadi, aka aiko mini cewa Malam Ɗalha Abdulmuttalib na Ƙofar Na'isa ya rasu bayan gajeriyar jinya. Bayan la'asar aka yi masa sutura. Har yau ban tuna ko na sallami matar nan ba.

Malam, mutanen gari sun san ka da koyar da labarin ƙasa a sakandare. Mu 'yan zaurenka mun san ka da wata ƙasar daban, Zangarma, wadda ba ta cikin taswirar kowa sai taka. Ga wanda bai sani ba, wasa ne na labari. Kowa yana da jaruminsa, kai kana jan labarin, in jarumi zai yi abu mai haɗari sai a jefa 'ya'yan lido masu fuska da yawa, littafin dokoki ya faɗi ko ya yi nasara. A wurin mai sayar da tsofaffin littattafai ka tsinci littafin tun muna samari. Ka watsar da ƙasashen ƙanƙara da ke cikinsa, ka gina mana tamu mai fatake da rijiyoyi da aljanun kuka. Duk Asabar bayan la'asar muke shimfiɗa tabarma. Maƙwabta suka ɗauka caca ce, sai ka gayyato liman ya zauna ya gani da idonsa. Ya tashi yana cewa wannan ba caca ba ce, rashin aikin yi ne kawai.

Masu littafin nan ba su iya zama lafiya ba, bayan 'yan shekaru sai su sake bugu su sauya dokoki. Kai kuwa ba ka taɓa yarda ka ce mana “littafi ne ya ce” ba. Duk abin da sabuwar doka ta sauya, sai ka nema masa dalili a cikin labarin. Da bugu na biyu ya hana riƙe makami biyu, jarumina maƙeri ya kwanta da gatari biyu ya tashi da ɗaya. Ka ce ɓarawo ne. Muka shafe damina guda muna farautar ɓarawon da kai ka san babu shi, ni Gambo ina gaba-gaba ina kumfar baki.

Sannan abin Mamman ya faru. Mamman ɗan jarida ne, shi ke da Baushe, maharbin da ke jin maganar tsuntsaye. A zamanin soja wasu mutane suka zo da mota suka ɗauke shi, babu wanda ya faɗi inda aka kai shi. Al'adar zaurenka ce ba a taɓa jarumin wanda ba ya nan. Ka kwantar da Baushe barci a Birnin Hayaƙi, ka ce zai farka ranar da mai shi ya dawo. Mamman yana tsare bugu na uku ya iso, muka koma kansa gaba ɗaya. A cikin sabon littafin babu maharbi mai jin tsuntsaye, an share irinsa ƙaf.

An sako Mamman gab da miƙa mulki, danginsa suka tafi da shi ƙauye neman magani. Sai bayan farar hula sun zauna ya dawo birni. Ya dawo ba ya magana, ba ya zama inda aka rufe ƙofa. Matarsa Hauwa ta zo har gidanka tana kuka, ta ce tunda ya dawo tambaya ɗaya ya yi da bakinsa, wai ko Baushe yana nan. Ta roƙe ka kada a ce masa babu.

Nan zauren ya rabu. Nazeer, wanda magatakardan kotu ne kuma doka ta shige masa jini, ya ce idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Dukanmu mun rasa wani abu a sabon bugu, don me za a ware mutum ɗaya? Ya dube ka ya ce, “Malam, jiya-jiya muka fita daga mulkin dikirin soja. Kada ka dawo mana da shi a kan tabarma.” Ni a ranar na so in shaƙe shi. Abin haushin, maganarsa tana kan hanya, kai ma ka san haka. In ka yi wa Mamman alfarma zai gane tausayinsa ake ji, kuma ba mutumin da zai jure wannan ba ne. In ka miƙa masa sabon jarumi, ka gaya masa ke nan duniya ta wuce ba ta jira shi ba. Ko wanne aka yi, tashi zai yi ya koma ɗaki, kuma dukanmu muna tsoron ba zai sake fitowa ba.

Asabar ɗin da Mamman ya zo, ya zauna dab da bakin zaure. Babu mai iya haɗa ido da wani. Ka ajiye littattafai biyu a gabanka, tsoho da sabo. Ka ce sauyin zamani ya mamaye Zangarma duka, amma bai iya tsallake ganuwar Birnin Hayaƙi ba. Duk wanda ke cikin ganuwa, ko wane ne shi, tsohuwar doka ce a kansa. Duk wanda ya fita ƙofa, sabuwa. Nazeer ya gyaɗa kai, don doka ɗaya ce ga kowa.

Baushe ya farka. Ka kwaikwayi kukan hazbiya, ka faɗa masa abin da take cewa. Mamman ya daɗe yana juya 'ya'yan lido a tafinsa, sannan muka ji muryar da muka yi shekaru ba mu ji ba.

“In na fita, me zan rasa?”

“Ba za ka ƙara jin tsuntsaye ba,” ka ce masa. “Hannunka ma ba zai kai na da ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, Mamman. Amma mutanenka suna waje.”

Bai fita ba. Wata ya bi wata bai fita ba. Mu muka riƙa shiga wurinsa, kuma duk shiga sai ka mayar da jarumanmu kan tsohuwar doka, duk fita ka dawo da su sabuwa. Aiki ne mai cinye ido, kana yinsa da ciwon da ka ɓoye mana. Sau da yawa Baushe yakan zo bakin ƙofa ya tsaya, sai ya juya. Na taɓa ce maka ka ɗan tura shi mana, ka tayar da gobara a birnin ko wani abu. Ka yi mini kallon da ban taɓa gani a fuskarka ba, ka ce an riga an tura shi ya isa haka. A bakin ƙofar nan ka bar shi Asabar ɗinmu ta ƙarshe.

Wallahi Malam, a maƙabarta rabin kukana naka ne, rabi tsoron abin da zai sami Mamman. Bai zo jana'iza ba, bai zo washegari ba. Hauwa ta aiko cewa ya shige ɗaki ya ƙi abinci. Ranar addu'ar uku, mutane sun fara watsewa, sai ga shi. Ya ratsa taro ya zauna tsakanina da Nazeer, ya shafa fatiha. Can ya ce, “Gambo, ranar Asabar ka zo da littafin. Sabon kaɗai. Zan fita.”

Nazeer ne ya fara fashewa da kuka.

Ya Allah, bawanka Ɗalha ya yi haƙuri da bawanka mai rauni, bai gaggauta shi ba. Ka yi masa sassauci fiye da wanda ya yi, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa Malama Asma'u, da 'ya'yansa, da mahaifiyarsa Gwaggo 'Yardada, da ɗalibansa, da mu 'yan zaure da aka bari da labarin da ba mu iya ja kamar shi ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata tamu in ta zo. Amin.