Ranar da Aka Kife Raksha a Layinmu

Shekarar da aka kai ni gidan miji a unguwar Hajj Yusuf, raksha, wato babur mai ƙafa uku na haya, ta buge 'yar yayan mijina a bakin layinmu. Bayan la'asar ne, an aike ta sayen gawayi. Ina shanya na ji ƙara, na yafa mayafi na fita.

Ko da na isa, yarinyar na kwance gefen kwata, ƙafarta ta juye, jini na bin ƙasa. Babu kowa a kanta. Mazan layi duk sun rufu a kan direban, wani siririn magidanci, suna jibgarsa da takalma da guntayen bulo. Mai shagon da ko gaisuwarmu ba ya amsawa shi ne a gaba, yana kumfar baki wai 'yarsu ce. Wasu kuma suka kife rakshar, suka hau ta da duwatsu.

Uban yarinyar tela ne. Ya fito da almakashi a hannu. Na ɗauka direban zai soka. Sai ya tsaya, ya dubi 'yarsa, ya jefa almakashin aljihu, ya ratsa taron ya ɗago mutumin.

"Za ka iya tuƙi?"

"Zan iya, Alhaji."

Ya juya ga jama'a ya ce, "Ku ɗaga rakshar, asibiti za mu."

Suka ɗaga, amma man ya zube, tayar gaba ta lanƙwashe. Babu wani abin hawa kusa. A amalanken jaki muka ɗora yarinyar har bakin kwalta, direban na tallafe da ƙafarta, nasa jinin na ɗiga a kan jallabiyarsa.

A barandar asibiti na ce wa uban yarinyar, "Yaya, yau na tsorata da kai."

Ya ce, "Ni ma, ƙanwata. Amma na ga ko na soke shi, tana nan kwance."

Ta rayu, sai dai da ɗingishi. Likita ya ce jinkirin ya cuce ta.

Washegari mazan nan suka cika tabarmar ƙofar gida, wai jaje. Ni na dafa musu shayi. Kowa na ba da labarin dukan da ya yi, mai shago na nuna kumburarren hannunsa ana yi masa sannu. Har aka watse ban ji wanda ya ambaci rakshar ba. Na kwashe kofunansu, na yi ta dirzar su da toka.