Na-Tsaye Mai Faci a Kujerar Likitan Haƙori

Tunda nake ganin mai facin bakin titinmu ban taɓa ganinsa a zaune ba, shi ya sa kowa ke ce masa Na-Tsaye. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake gaisawa, ko ba taya a gabansa sai ya ɗauko tsohon tiyub ya hura, ya tsoma a ruwan baho yana neman kumfa. Shekara talatin yana wannan sana'a, kuma doka ɗaya gare shi: ba a ɗora faci a kan datti. Sai ya kankare wurin ya yi fes, sannan ya shafa gam. Direban da ya ce yana sauri kuwa, sai ya sha faɗa.

To, mutumin nan da ya iya yi wa direbobi wa'azi shi ne ya yi shekara biyu yana ɓoye rami a haƙorinsa na tauna. Na hagu duk sun zube tuntuni, wannan na dama da shi yake cin komai. Tsoron allura ya hana shi zuwa asibiti. Da farko auduga yake cusawa da kanumfari. Da ramin ya faɗaɗa ya koma cingam, daga baya har kakin kyandir. Idan ciwon ya motsa sai ya yi ta safa da marwa tsakanin baho da injin iska, yana tsaki, yana yi wa tayar da ba ta yi masa komai ba masifa.

Ranar da kumatunsa ya kumbura, maiɗakinsa ta zo har rumfar ta tsaya a kansa.

"Malam, ko ka bi ni yanzu, ko in zauna a nan in gaya wa duk direban da ya tsaya abin da ke cikin bakinka."

Haka ya bi ta asibiti yana gunaguni. A ɗakin jira bai zauna ba, ya leƙa taga, ya karanta hotunan bango, sau biyu yana cewa bari ya je ya dawo, tana riƙe masa gefen riga.

Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ta zaunar da shi, ta kwantar da kujerar, ta kunna fitila a fuskarsa. Da ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ta riƙa zaro kayan da ya tara tana ajiyewa a faranti.

"Baba, mece ce sana'arka?"

"Faci, 'yata."

"To ai abokan aiki ne. Ni ma sai na kankare ruɓar duka kafin in yi ciko. Kai da hannunka za ka ɗora faci a kan wannan?"

Kunya ta rufe shi, har ya manta da allurar sai da ya ji leɓensa ya yi nauyi. Injin ya fara ƙara, ruwa na fesowa, shi kuwa a ransa addu'a yake Allah ya sa a bar masa haƙorin nan, don ya san idan ya tafi, shi da nama sai kallo.

Can sai injin ya tsaya. Ta sa ɗan madubi ta duba, ta sake dubawa. Ya san irin wannan duban. Shi ma haka yake yi idan ya juya taya ya tarar ta tsage.

"Ya wuce faci ko?"

"Ya wuce, Baba. Ya tsage har saiwa, sai dai a cire. Amma na kusa da shi ya fara ɗan rami, girmansa bai kai kan allura ba. Shi zan iya cike maka shi ya daɗe."

"Ban taɓa jin ciwonsa ba."

"Shi ya sa zai ciku. In ka gaji, ka dawo wani satin."

Ya dubi farantin, ya dubi maiɗakinsa a bakin ƙofa.

"A'a, 'yata. Na san kaina, in na tashi ba zan dawo ba. Fara cike mai ran, sannan ki cire wancan."

Ya kama hannuwan kujerar ya ƙanƙame, ya buɗe bakinsa tun ba ta ce ya buɗe ba.