Ruwan da Ba Ya Gudu

Ko tsufa ya kwashe min komai a ka, ba na jin zai iya ɗauke ranar nan da na tsaya a bakin wani dam, nesa da gida, ina kallon autanmu yana iyo yana barin hanya, Baba kuma yana zaune gefena a kan tabarma.

Mu gidan masunta ne a Wudil. Da ƙarnin kifi muka tashi. Baba ne ya koya wa auta iyo tun bai iya ɗaure wando ba, kuma abin da ya fara cusa masa shi ne yadda ake ƙetare kogi. Ba a nufar inda ake son fita. Karkata ake yi sama da wurin, ruwa da kansa zai gangaro da mutum daidai. Duk ɗan masunci ya san haka, jikinsa ke yi ba sai ya yi tunani ba.

Auta ya girma ya samu aikin tuƙi a jami'a. A can ya haɗu da wani malami, Kirista ɗan Filato, mutumin kirki, wanda ya ba shi labarin wata gasa mai hawa uku: a yi iyo mai nisa, a fito a hau keke a yi doguwar tafiya, a sauka kuma a kama gudu, duk a yini guda. Har ya ara masa kekensa mai siraran tayoyi. Daga nan auta ya zama abin kallo a gari. Bayan sallar asuba yana kogi, da yamma yana gudu a hanyar Indabo, ranar da babu aiki kuma ya taka keke ya wuce Lajawa. Masu babur su bi shi suna tambayar wa ya koro shi, ranar kasuwa dillalai su ce ko saniyarsa ce ta ƙwace.

Gidan aurena a kan hanyarsa yake, don haka kullum akwai furarsa a rufe a ɗakina. Ni na ɗinka masa wandon iyo mai rufe gwiwa, na ce ba zai tsaya gaban jama'a da ɗan kamfai ba. Ya yi ta dariya wai nauyin ɗinkina kaɗai zai nutsar da shi, amma shi yake sawa.

Baba a lokacin tari ya ci ƙarfinsa, ya daina shiga ruwa. Da gasar ta matso sai ya ce da shi za a je. Ba ya neman auta ya zo na ɗaya, shi dai yana so ya ga ɗansa ya kai ƙarshe da idonsa. Duk mun san tafiye-tafiyen da suka rage masa ba su da yawa, ba wanda ya hana. Maigida ya ba ni izini na bi su saboda magani da abincin Baba.

Da safen nan ruwan dam ɗin kwance yake lumui kamar faranti. An jera wasu jajayen balan-balan a tsakiya, su ne alamar hanya. Aka busa usur, suka faɗa. Da farko auta yana cikin na gaba, zuciyata kamar ta fito don murna. Can sai na ga ya ware daga mutane yana yin dama. Wani a kwale-kwale ya ɗaga masa hannu, ya dawo, jim kaɗan ya sake karkata. Haka ya yi ta yi. Na ɗauka jijiya ce ta riƙe shi, na kama duk addu'ar da ta zo bakina. Baba bai kalle ni ba, ya ce a hankali, "Jira yake ruwa ya gangaro da shi. Wannan ruwan kuwa ba ya gudu."

Sanda ya fito, lokacin da aka ware wa iyo ya wuce. Wani ma'aikacin gasar ya durƙusa ya kwance na'urar ƙidayar lokaci da aka ɗaura masa a ƙafa, ya ba shi haƙuri, ya ce an fitar da shi daga gasar. Wurin ajiye kekuna ya zama fili, nasa kaɗai ke rataye. Ya je ya dafa shi ya tsaya, ruwa na ɗiga daga wandon da na ɗinka. Dabinon da na ƙulle masa don gudu yana hannuna, na rasa inda zan sa shi. Har yau idan na ga keke a jingine shi kaɗai sai ƙirjina ya yi nauyi.

Da muka dawo ya mayar wa malamin kekensa. Ya daina bi ta ƙofar gidana, furarsa ta yi ta tsami ina ba yaran maƙwabta.

Sai da rani ya yi, kogi ya ja baya ya bar wani tafki wajen Darki, sannan wata safiya Baba ya ɗauko filafilinsa na tuƙa jirgi ya tsaya a kan auta. Ya ce, "Tashi. Ni na sa maka karkatar nan, ni zan cire ta kafin in tafi."

Ya ari jirgi wajen wani tsohon abokin sana'arsa. Auta na iyo a gaba, Baba na biye, da ya fara karkata sai Baba ya buga filafili a jikin jirgi, ƙwas, shi kuma ya miƙe. Nakan kai musu kunu in zauna a inuwa ina kallo. Ina jiyo Baba yana tsokanarsa, ko gidan surukai ya nufa da yake ta yin dama, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na yi ta masa faɗan sanyin ruwa, bai ji ba. Ban san a lokacin ba cewa waɗannan safiyoyin ne zan fi kewa a rayuwata.

Ruwan farko na damina bai samu Baba a raye ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Auta ya ce shi kam ya gama, wanda zai yi dominsa ya tafi. Ban ja da shi ba. Amma ranar da malamin nan ya zo ta'aziyya, da zai tafi sai ya bar keken a jingine a zaure. Ni ma na wanke wandon na ninke na aika wa auta, na koma dama fura. Wata yamma sai ga sallamarsa, yana haki, gumi sharkaf.

Da gasar ta zagayo na sake binsa, na shimfiɗa tabarmar nan a wurin da muka zauna, na bar gefen Baba. Aka busa usur. A tsakiyar ruwa na ga kafaɗarsa ta fara yin dama. Sai ya ɗago kai, ya miƙe. Daga baya ya ce min wallahi ƙarar filafili ya ji.

Rana ta yi ja sosai kafin ya iso ƙarshen gudun, yana cikin na ƙarshe, har an fara kwance rumfuna. Babu kyauta, babu masu tafi sai 'yan tsiraru. Ya tako yana jan ƙafa, idonsa ba a kaina yake ba, yana kan gefen tabarmar. Ya zube, ya ce, "Yaya, na miƙe kuwa?"

Na ce, "Ka miƙe, auta." Na sa masa dabino a hannu, muka yi kukanmu.

Yanzu aiki ya kai shi nesa, yana nan yana shiga gasar, wata ya gama wata ya kasa. Filafilin yana bayan ƙofar ɗakina. Abin da na koya shi ne, faɗuwa ba ta gama da mutum muddin zai yarda ya koma ya sake koyon abin da yake ganin ya iya. Na kuma gane Allah ba lallai Ya ba bawa abin da ya roƙa a yadda ya roƙa ba. Baba ya nemi ganin ƙarshen tsere, sai aka ba shi safiyoyin tafki shi da ɗansa, kuma na tabbata da an tambaye shi ba zai yi musaya ba. Ni dai har gobe, idan wani ya ƙwanƙwasa katako da sassafe, sai na waiga.